Mai Gyaran Lif a Bakin Ƙofa

Ina tsaye a taga ina jiran ruwan shayi ya tafasa na ga motocin sun shigo layinmu, wannan na bin wannan. Ta gaba ta masu shara ce. Ta biyu tana jan injin yankan ciyawa. Ta ƙarshe fara ce, da sunan wani kamfanin gyaran lif, na'urar hawa bene, a jikinta. Tun da na tare a Corran House ban taɓa ganin ko biyu daga cikinsu rana ɗaya ba. Ranar Litinin ce, washegari kuma alƙalin kotun gidaje zai zo ya duba benenmu da idonsa.

Na kashe wuta na kira Dermot Quigley.

"Ka leƙa taga kuwa?"

"Na gani, takalmi nake sawa. Ki tara mutanenki, Lorna, ni zan tara nawa."

Mutanena su ne 'yan haya. Nasa su ne masu saye, waɗanda suka sayi gidajen da suke ciki shekarun baya, amma bango da rufi da matakala suna hannun kamfanin gidaje har gobe. Kamfanin nan a saman kowace takarda sai ya rubuta cewa ba don riba aka kafa shi ba, don masu ƙaramin ƙarfi ne. Mu da su duk muna biyansa kuɗin hidima: shara, lambu, fitilun matakala, mai gadi, lif. Namu ana cusa shi cikin kuɗin hayar mako, nasu kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, a dunƙule kamar dutse. Cikin shekara biyu ya ninka. Mai gadin dai babu wanda ya taɓa ganin ko hularsa. Lif kuma tun kafin Kirsimeti ya mutu, ga shi har mun shiga Maris.

A da tsakaninmu da masu saye sai ɗaga kai in an haɗu a matakala. Su ne masu sabbin ƙofofi da lambar tagulla, mu ne masu shuɗiyar ƙofar kamfani. Kuɗin hidima ne ya zaunar da mu ɗaki ɗaya. Dermot direban tasi ne, yana hawa na shida da matarsa Bernadette, ba su gama biyan bashin bankin da suka sayi gidan da shi ba. Ni ina dafa abinci a makarantar firamare ta bayan kasuwar Deptford, ina hawa na biyu. Shi ya iya faɗa, ni na iya lallashi, sai aka ɗora mu gaba. Tare muka shigar da ƙara, ba lauya, sai wata mai ba da shawara kyauta da muke gani jefi-jefi. Ita ta ce mana ranar da alƙali zai taka ƙafarsa cikin benen ta fi duk hotunan da muka tara.

Kafin in sauko Dermot ya riga ya gindaya tasinsa a ƙofar shiga da mota. Ana yayyafi. Mutane suna ta fitowa, wasu da rigar barci a ƙarƙashin kwat, muka jeru a bakin babbar ƙofa, kafaɗa da kafaɗa. Mun kai ashirin da wani abu.

Matan shara suka sauko da bokitai suka tsaya suna kallonmu. Babbarsu ta ce, "Mu dai aiko mu aka yi."

"Mun sani, 'yar'uwa," na ce. "Ba da ku muke ba. Ku shiga mota kada ku jiƙe."

Ba su yi gardama ba. Masu lambu ma ko injin ba su sauke ba, suka kunna sigari. Mai gyaran lif ne kaɗai ya fito da jakunkunansa biyu ya ajiye a gabansa. Dogo ne, mai furfura a gefen kai, Turancinsa na mutanen Poland.

Ba a jima ba Misis Harcourt ta iso da lema. Ita ce jami'ar kamfani mai kula da unguwarmu, yarinya ce, ba ta fi 'yata ba. Waɗanda suka riƙe kujerar kafin ta ba wanda ya shekara.

"Ina kwananku," ta ce. "Kun daɗe kuna kukan ba a yi muku aiki. Ga ma'aikata na kawo. Mene ne kuma?"

"Yau kuka tuna da mu?" in ji Dermot. "Ba a fafe gora ranar tafiya, Hajiyar ofis. Ku dawo jibi, mu da kanmu za mu dafa muku shayi."

"Mista Quigley, aikin nan an daɗe da tsara shi."

"An daɗe, tun daren Juma'a da kotu ta aiko muku da rana."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta gyara riƙon lemarta ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, duk ɗan hayar da ya hana ma'aikaci shiga ya karya yarjejeniyar hayarsa, kuma dole ta rubuta sunaye. Na ji kafaɗar da ke jikin tawa ta ɗan janye. Ta Shirley ce, mai 'ya'ya uku a hawa na huɗu. Na riƙo hannunta.

Har zuwa lokacin abin yana tafiya yadda muke so. Sai ga Yvette Bramwell ta ɓullo daga kwanar layi da ledojin cefane a hannu biyu, rigar aikin asibiti na leƙowa ta ƙasan kwat ɗinta.

Mahaifinta, Baba Cyril, yana hawa na tara, can ƙololuwa. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ɗan haya tun ana gina benen. Bara ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa ɗaya. Tun da lif ya mutu sau ɗaya ya sauko, ranar da 'yan motar asibiti suka ɗaure shi a kujera suka sauko da shi kamar buhu, ya rantse ba zai sake yarda ba. Yvette ba nan take zaune ba, amma kullum sai ta hau matakalar nan da abinci da magani.

Ta dubi farar motar, ta dubi mai jakunkuna, ta dube mu. Ta ajiye ledojin a kan jiƙaƙƙen siminti.

"Anti Lorna, wannan mai gyaran lif ne?"

"Shi ne."

"To me yake yi a waje?"

Dermot ya matso. "Yvette, saurara. Kwana ɗaya kawai. Gobe alƙali ya hau matakalar nan da ƙafarsa, ya ji yadda numfashi ke yi a hawa na tara, ya ga babanki. Jibi a gyara."

Ta juya ga mai gyaran. "Malam, in ka tafi yau, yaushe za ka dawo?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ƙarfen da ya lalace yana cikin motata, yau aka ba ni shi. In ban shiga ba zan rubuta an hana ni shiga, ƙarfen ya koma sito. Sai sun sake buɗe aikin. Wata ɗaya, wata biyu, ban sani ba. Da azahar kuma ina da wani aiki a Woolwich."

"Kun ji," in ji Misis Harcourt. "Kuma abin da zan faɗa wa kotu ke nan, mun zo gyara mazauna suka hana."

"Ke yi mana shiru," in ji Yvette, ba ta ko kalle ta ba. Idonta na kan Dermot. "Likitan ƙafa ya ba shi rana har ya gaji ya daina ba shi. Ka san da haka? Ka san ciwon ya fara taɓa ɗaya ƙafar?"

"Na sani, kuma su suka jawo, ba ni ba."

"Su suka jawo jiya. Yau kai ne a bakin ƙofa."

"Kuɗin lif shi ne rabin abin da suke nema a wuyanmu. In aka gyara shi yau, gobe me za mu nuna? Ciyawa?"

"Au, kuɗi. Da ma na san nan za a zo."

Wani daga cikin masu saye, ban ga ko wane ne ba, ya yi magana daga baya. "Ku ai ba ruwanku, rabinku gwamnati ke biya muku haya. Mu gidajenmu za a ƙwace."

Shirley ta fizge hannunta daga nawa. "Wa gwamnati ke biya wa? Aiki biyu nake yi, kai da kake barci har rana ta take. Don ka sa lambar tagulla a ƙofa sai ka zama mai unguwa?"

"Ba da ke nake ba."

"Da uwar wa kake?"

Nan take layin ya dare. Ban ga lokacin da ya faru ba, sai dai na ga masu shuɗiyar ƙofa sun koma hagu, masu saye sun taru bayan Dermot. Aikin da muka yi wata da watanni, shayi da biskit a ɗakina, bin gida-gida, ga shi yana narkewa a gaban Misis Harcourt, ita kuwa tana waya ta rufe baki da hannu. Da ta gama ta ce ta kira 'yan sanda, suna hanya.

Na ɗaga murya. "Kowa na magana da sunan Baba Cyril, ba wanda ya tambaye shi. Zan hau."

"Ga waya, ki kira shi mana," in ji Yvette.

"A'a, fuskarsa nake son gani. Dermot, ka ba ni alkawari ba wanda zai taɓa wani kafin in sauko."

"In ba a taɓa ni ba."

"Malam, za ka jira ni?"

Mai gyaran ya duba agogonsa ya zauna a kan jakarsa.

Matakalar nan ita ce shaidarmu, mun hana kowa share ta tun da aka sa rana. Zarnin fitsari a hawa na ɗaya, katifar da aka yasar a na uku, fitilu matattu daga na biyar zuwa sama, ruwa na tsatsafowa ta bango ya yi kore. Ina hawa ina jin hayaniyar ƙasa tana biyo ni ta tagogin da suka fashe. A na bakwai na tsaya na dafa gwiwa. Gaskiya ban san amsar da nake so ya ba ni ba. In ya ce a jira, na tsira da jama'ata. In ya ce a gyara, na tsira da Yvette. Gaba kura, baya sayaki.

Ƙofarsa a buɗe take. Yana zaune cikin kekensa a tsakiyar falo, yana fuskantar ƙofa. Ya yi aski fes, ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci da hular malafa, ya naɗe ƙafar wandon da babu kowa ciki ya kama da fil. Takalmi ɗaya, an goge shi yana ƙyalli.

"Shigo, 'yata. Zauna ki huta, kin yi haki kamar tsohon inji."

Na zauna a hannun kujera. "Baba, fita za ka yi?"

"Na ga motar ta taga."

Na rasa ta inda zan fara. Na ce masa mutane sun tare ƙofa, na ce masa dalili, na ce masa abin da mai gyaran ya faɗa. Ya saurara har na gama yana murza gefen hularsa.

"Dermot ya hawo nan makon jiya," ya ce. "Da kwalbar giya, mutumin kirki. Ya ce ranar da alƙali zai zo kada in yi aski. Ya ce in yaye bargo ya ga dungun da kyau, in bar bokitin fitsari inda ido zai gan shi."

Kunya ta rufe ni. "Ban san ya faɗa maka haka ba."

"Ai ba ƙarya ya ce in yi ba, haka nake zaune. Kuma yana da gaskiya, in mutumin nan ya gan ni a haka zai tausaya. Na ce masa to. Sai yau na ga motar. Kin san me na yi? Ban yi tunanin kotu ba, ban yi tunanin gidan Dermot ba. Reza na ɗauko."

"Kwana ɗaya suke roƙo, Baba."

"Goben kamfani na san ta, na girme ki a saninta. In na ce miki a bari, don ku yabe ni zan faɗa, in kun sauka in zauna in tsine muku a zuciya. Ina so in sauka, Lorna. Ina so likita ya ga ƙafar nan tun tana nan. Ina so in ga mutane ta gaba, na gaji da ganin tsakiyar kawunansu."

Na miƙe. Ya riƙo hannun rigata.

"Ki ce musu ni na ce. Kada ki ɗauka a kanki. Tsoho ne, son kansa ya yi masa yawa, haka za ki ce."

Saukowa ta fi hawa wuya. Daga tagar hawa na uku na hango motar 'yan sanda a bakin titi, biyu sun fito, mace da namiji, Misis Harcourt na yi musu bayani da hannu. Dermot ya koma cikin ƙofar kanta ya tsaya, hannu ɗaya a kowane gefe. Sai da na taɓa bayansa ya ba ni hanya na fita.

Kowa ya juyo yana kallona.

"Ya ce a gyara," na ce. "Ya yi aski ya sa kwat yana jira."

Yvette ta rufe fuska da hannu. Wani a bayan Dermot ya yi tsaki. Dermot ya sunkuyo daidai kunnena.

"Lorna, ki yi wa Allah. Gobe lauyansu zai buɗe wa alƙali lif yana murmushi, ya ce ranka ya daɗe bismilla. Shi ke nan an gama da ni. In ban biya ba za su rubuta wa banki, kin san sauran. Shekarata nawa ina tuƙi saboda gidan nan?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ke in abin ya ɓaci ƙarin 'yan fam ne a mako."

"Haka ne."

"To ki ce musu ya ce a jira. Wa zai hau ya tambaya?"

Na dube shi. Idonsa ya yi ja, ruwan sama na bin gemunsa. Ba mugu ba ne. Shi ya kai mijina asibiti a tasin nan ranar da ya faɗi, ya ƙi karɓar ko kwabo.

"Ba zan iya ba, Dermot."

Na je na ɗauki jaka ɗaya daga cikin na mai gyaran. Nauyinta ya kusa tsinke min kafaɗa. Na ce masa ya biyo ni. Muka nufi ƙofa, Dermot ya mayar da hannuwansa inda suke, ya cika ta.

"Ba ni hanya."

"Ba zan ba ki ba."

"To sai dai ka ture ni."

Na ƙara taku ɗaya har jakar ta taɓa gwiwarsa. Ina jin takun 'yan sandan a bayana, ba sauri suke ba, amma suna matsowa. Namijin ya ce, "Yallaɓai, sauke hannunka mu yi magana." Dermot bai ko kalle shi ba. Na ga yatsunsa sun yi fari a jikin ƙarfen ƙofar. Mai gyaran ya yi yunƙurin raɓawa ta gefe, Dermot ya saki hannu ɗaya ya cafki igiyar jakarsa ya fizga, mutumin ya yi taga-taga. 'Yar sandan ta kai hannu ɗamararta.

"Dermot."

Bernadette ce. Tun safe tana tsaye a gefe da silifas. Ba ta ɗaga murya ba.

"In suka rubuta sunanka, lasisin tasi ya tafi. Sai mu ci me? Sake shi."

Ya daɗe riƙe da igiyar. Sannan ya buɗe hannu. Ya matsa gefe kaɗan, iya inda mutum ɗaya zai wuce, ya kau da kai. Mai gyaran ya karɓi jakar hannuna ya shige ba tare da ya dubi kowa ba.

Misis Harcourt ta yi ajiyar zuciya ta yafito matan shara. Suka fara sauko da bokitai.

Ban yi shawara da kowa ba, na juya na tsaya a gurbin da Dermot ya bari.

"Mai lif kaɗai," na ce.

Misis Harcourt ta dube ni. "Misis Prendergast, yanzun nan kika..."

"Akwai wanda ke jiran lif. Ba wanda zai mutu don ba a share matakala yau ba. Ta jira tun bara, ta ƙara kwana."

Yvette ta tsallake ledojinta ta zo ta tsaya a damana. Shirley ta biyo ta tana gunaguni. Sai masu saye biyu, sai sauran. Dermot yana hagu da ni, kafaɗarsa ba ta taɓa tawa ba, amma bai tafi ba.

Misis Harcourt ta dubi 'yan sandan. Macen ta ce ba wanda aka ji wa ciwo, mai gyara ya shiga, sauran kuwa magana ce tsakanin mai gida da mazauna, ba za su ja kowa a ƙasa saboda tsintsiya ba. Misis Harcourt ta koma gefe ta yi waya mai tsawo. Ina ganin yadda take nesanta wayar daga kunnenta, na san ana yi mata ihu. Da ta dawo ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana rubuta sunaye da lambar gida, ba wanda ya ɓoye nasa. Motar shara ta juya, ta lambu ta bi ta.

Ba mu watse ba, don ba mu yarda ba za su dawo ba. Mai gyaran bai je Woolwich da azahar ba, aikin ya fi yadda ya zata. Wajen la'asar muka ji ƙugin da muka manta da shi, ƙarfe na tafiya cikin bango. Yvette ta shiga ta hau. Muka tsaya muna kallon lambobin da ke saman ƙofar suna saukowa.

Ƙofar ta buɗe, Yvette ta turo Baba Cyril waje. Ya ɗaga hannu ya kare idonsa duk da ba rana. Ba wanda ya tafa. Ya bi mu da kallo, ya taɓa bakin hularsa.

"Dermot," ya ce.

Dermot ya ciro makulli daga aljihu, ya je ya janye tasinsa daga ƙofar don keken ya samu hanya. Bai dawo ba, ya miƙe titi ya tafi aiki.

Washegari alƙali ya zo, dattijo mai rigar ruwa, da wata mai duba gine-gine, da lauyan kamfani. Yadda Dermot ya faɗa haka aka yi, har murmushin. Suka hau sama a lif. Na roƙi su sauko ta matakala, suka yarda, matar tana ta ɗaukar hoto, alƙalin ya toshe hanci da hankici a hawa na ɗaya. Sun ƙwanƙwasa ƙofar Baba Cyril ba kowa. Tun sassafe Yvette ta kai shi asibiti suka zauna a layin waɗanda ba a sa musu ranar ganin likita ba, har aka gan shi.

A zaman kotu na faɗi watannin da lif ya yi a mace, Yvette ta aiko da nata a rubuce. Lauyan ya ce an sha wahalar samun ƙarfen ne daga waje, kuma ko ranar da aka samu sai da mazauna suka tare ƙofa har aka kira 'yan sanda. Alƙalin ya dube mu ta saman tabarau ya rubuta wani abu.

Hukuncin ya fito farkon bazara. An soke kuɗin mai gadi gaba ɗaya, an zaftare na shara da na lambu, aka ce a mayar mana da abin da muka biya a kansu. Na lif kuwa ɗan kaɗan aka rage, sauran ya tsaya. Mu 'yan haya muka samu sauƙi, tare da takardar gargaɗi kan tare ƙofar, kowa da tasa. Masu saye aka bar su da babban kason. Biyu sun sa gidajensu a kasuwa. Dermot ya roƙi a raba masa biya, ya koma tuƙi har ranar Lahadi. Baba Cyril an yanke masa yatsu biyu, ƙafar ta tsira.

Taron da muka kira bayan hukuncin rabin masu saye ba su zo ba. Dermot ma bai zo ba, kuma in mun haɗu sai ya duba wayarsa. Sai wata Asabar na same shi a wajen ajiye motoci yana wanke tasi. Na tsaya. Ya ci gaba da wanki kamar bai gan ni ba.

"Mai ba mu shawara ta ce za a iya ɗaukaka ƙara a kan na lif," na ce. "Amma sai da sunan mai saye."

"Ki nemi wani."

"Kai nake nema."

Ya matse soso a bokiti. "Ya ƙafar tsohon?"

"Da sauƙi. Yana zuwa wajen masu wasan domino ran Alhamis."

Ya gyaɗa kai.

"Dermot, da mahaifinka ne a sama, me za ka yi?"

"Da na fasa ƙofar da kaina na shigar da mai gyaran." Ya watsa ruwa a gilashi. "Shi ya sa ba a tambaya. Kin hau kin tambaya, kin sauko da amsa, ni na biya."

Ban ga ƙarya a maganarsa ba.

"Yaushe ne ƙarshen shigar da takardar?" ya ce, bai juyo ba.

"Juma'a mai zuwa."

"Ki ba Bernadette. Ban ce zan sa hannu ba, zan dai karanta."

Wayarsa ta yi ƙara, fasinja ne a tashar New Cross. Ya zubar da ruwan bokitin a magudana, ya jefa shi bayan mota, ya ja ya fita da kumfa a jikin ƙofar.